Masu Taimakon Ɗan Buga-Buga

Kowace unguwa a Kano tana da irinsa. Da asuba yana tura kurar ruwa, da hantsi yana dako a Singa ko Kantin Kwari, da la'asar ya yashe kwata, in an dace da mai gini ya ɗauki kwanon kankare. Ka tambaye shi sana'arsa, ya ce maka, "Buga-buga dai." Wasunsu 'yan acaɓa ne da aka raba da abin yi lokacin da gwamnati ta hana goyo a babur a farkon 2013, wasu 'yan ci-rani ne da damina ta zo ta wuce ba su koma gida ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, guminsa na yini da ƙyar yake kai tukunya kan murhu. Masu tausayinsa ba su da iyaka, sai dai kowa da irin nasa tausayin.

Akwai Alhaji Zo-Gobe. Shi ba ya taɓa cewa babu, don a ganinsa rowa ce. Zai sauke gilashin mota ya ce, "Kai ɗan nan, ka gan ni bayan Juma'a, akwai yarona a Abuja da ke neman maigadi." Bawan Allah ya wanke 'yar rigarsa, ya bar dakon ranar, ya zo ya zauna a bencin ƙofar gida tun azahar. Maigadin gidan ya ce Alhaji yana barci, can ya ce yana da baƙi, bayan magariba ya ce ai ya fita ta ƙofar baya. Juma'a kuwa ba ta ƙarewa a kalanda. Abin da ba wanda ke lissafawa shi ne, kowane zaman benci yinin aiki guda ne ya salwanta, kuma Alhaji har ga Allah ya yarda cewa yana taimakon yaron.

Sai mai kyamara, wanda zamani ya haifa. Zai zo da ƙullin shinkafa da taliya biyu da samari uku masu waya. Ba a miƙa kayan sau ɗaya. Sai an sake, don hasken rana bai yi daidai ba. "Baba, ɗan ƙara marairaicewa. Kalli nan. Ka ce Allah ya saka wa Oga da alheri." Kafin dare hoton ya zagaya TikTok da Facebook, an ɗora masa kiɗa mai sa kuka. Washegari mai shago ya tare shi, "Ashe ka samu, to kuɗina fa?" Daga ƙauye waya ta shigo, ƙanin matarsa ya gani, ana ta barka, kuma dama rufin ɗakin Inna yana yoyo. Shinkafar ta ƙare a kwana biyu, labarin arzikinsa kuma ya kai wata uku yana binsa.

Hajiya mai tsofaffin kaya ba ta da mugunta ko kaɗan. Ita dai ɗakin ajiyarta ne ya cika. Za ta ba shi kwat ɗin marigayi, da takalmi mai tsini, da firjin da ya mutu tun yaranta suna firamare, ga shi mutumin a shagon haya yake kwana, inda ko wayar lantarki ba a ja ba. Shi zai ɗauka, shi zai share wurin, ya durƙusa ya yi godiya. Gara ita ma, don 'yan gwangwan suna sayen firji a kan kilo.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai nasiha, galibi ma'aikacin ofis. "Matsalarku ba kwa tanadi. Ka buɗe asusu, ka riƙa ajiye wani abu kullum. Ko ma ka koma gona mana, ai arziki yana ƙasa." Bai san kuɗin buhun taki ba, bai san an raba gonar gado tsakanin mutum tara ba. Bayan ya gama huɗuba, an wanke masa mota har tayoyi, sai a shiga ciniki: a kan naira ɗari biyu zai yi minti goma yana ja. Daga ƙarshe ya ce ba shi da canji, zai tura. Wannan "zan tura" ta samu gindin zama ne a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo. Kuɗi sun dawo hannun jama'a, ita ba ta tafi ba.

Mai ba da jari ya fi su duka niyya mai kyau, shi ya sa nasa ya fi wuyar kuɓucewa. Ya saya masa baro, ko kura da jarkoki, daga ranar ya zama mai binciken kuɗi. Ya hango shi a teburin mai shayi an soya masa ƙwai, sai ya tsaya: "Iye! Da jarina ake cin ƙwai?" Sannu a hankali sai a ce ai ya zama ɗan gida. Duk mai aikin ƙarfi ya san fassarar wannan karramawa: kai yara Islamiyya, jan ruwa, riƙe rago ranar Sallah, kwashe kujeru bayan suna, duk a kyauta, don ba a biyan ɗan gida. Da yana bare, da ko ba komai an sallame shi.

Kada a ɗauka shi ma bawan Allahn bai iya allonsa ba. Ya san gidan da ake shiga da labarin ciwon uwa, ya san wanda ake shiga da ambaton Annabi, ya san ranar da albashi ke shiga. In ya ce "Ranka ya daɗe, dama gaisuwa na zo," to a fara laluben aljihu.

Ita kuwa mai abincin bakin titi ba ta taɓa kiran abin da take yi taimako ba, kuma da za ka kira shi haka sai ta harare ka. Tana da littafin bashi, sunansa ya cinye shafi uku. A wurinta yake ajiye kuɗin adashinsa don kada ya taɓa, a rumfarta yake barin baronsa in zai je masallaci. Duk wanda ya zo neman mai aiki, ita ke cewa, "Ga wani nan, ba ya ɗauke-ɗauke, amma ku biya shi a hannu, ban da turawa." Kullum cikin faɗa suke. Zai miƙo kwano, ta ce, "Na shekaranjiya fa? Wallahi daga yau na daina, ni ba gwamnati ba ce." Ya ce, "Haba uwar ɗakina, gobe akwai sauke kaya a Dawanau." Ta ce goben nan tasa ta fi ta Alhaji yawa, ta zuba masa garau-garau, ta hana shi ƙarin mai, ta jawo littafi ta rubuta.