Amarci a Giya Ta Ɗaya

Shawarar zuwa Maroko tawa ce, kuma har gobe ina kan bakana cewa shawara ce mai kyau. Abokaina duk Dubai suke kai amarensu, su dawo da hoto iri ɗaya a gindin bene iri ɗaya. Ni na ce sai na yi abin da ba a saba ba: mu sauka Marrakesh, mu ɗauki hayar mota, mu ƙetare duwatsun Atlas mu biyu, ni a kan sitiyari, amarya a gefe tana miƙo min dabino. Hajiyarmu ta amince ne don ta ɗauka Fas za mu, ziyarar Shehu Tijjani. Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. Fas ɗin dai a ƙasar take, sai dai tsakaninta da Marrakesh ya haura kilomita 500.

Birnin bai ba mu wahala ba. Mun ga hasumiyar Kutubiyya da aka gina tun ƙarni na 12, mun sha ruwan lemo a dandalin Jami'ul Fana, mun ƙi romon dodon koɗi da ake sayarwa a can da dare. Wani mai wasa da maciji ya rataya min hajarsa a wuya ba tare da na nema ba, sannan ya nemi kuɗin cirewa. Na biya ban yi ciniki ba, don wannan ba wurin ciniki ba ne.

Ranar tafiya aka miƙo min mukulli. Na shiga, na gyara hula, na leƙa ƙasa, sai na ga abin takawa uku. Ni kuwa tun da na fara tuƙi a Kano otomatik nake ja, ƙafata ta hagu ba ta taɓa yin aikin komai a mota ba. Ba wanda ya gaya min cewa yawancin ƙananan motocin haya a ƙasar masu giyar hannu ne. Amarya ta kalle ni.

"Ango, lafiya?"

"Ƙalau. Addu'ar hawa abin hawa nake yi."

Na yi ta sau uku, da tsawo. Na tayar, motar ta yi tsalle ta mutu. Na sake, ta sake. Da ƙyar muka fita titi, na kama giya ta ɗaya na riƙe ta gam, tunda ita ce ta karɓe ni. Injin yana kuka, masu babura suna yi mana hon, wani dattijo a kan amalanken jaki ya wuce mu har yana waiwaye. A wani shataletale motar ta mutu a tsakiya, wani ƙauri ya cika ciki.

"Yallaɓai," in ji ta, kuma duk ranar da na koma Yallaɓai na san da magana, "ba a fafe gora ranar tafiya. Kulocin mutane kake ƙonawa. Sauko."

Ashe yarinyar nan 'yar Damagaram a tsohuwar fijon mahaifinta ta koyi mota. Duk tsawon zancenmu, da lefe, da kamu, ba a taɓa ambata min wannan ba. Na koma kujerar mai zaman banza bisa raɗin kaina, domin tafiya tana bukatar shugaba mai duba taswira. Dabinon ma ni na riƙa miƙawa.

Lissafina shi ne, daga Marrakesh zuwa Ait Bin Haddu bai kai kilomita 200 ba, wato bai kai Kano zuwa Kaduna ba, awa biyu mun isa. Lissafin daidai yake, hanyar ce ba ta bi shi ba. Titin Warzazat, wanda Faransawa suka fasa a zamanin mulkin mallaka, yana fita daga fili sai ya fara nannaɗe dutse. Kwana kan kwana, dama dutse, hagu kwazazzabo, manyan motoci suna saukowa suna huci. Amarya na sauya giya tana ɗan waƙe-waƙenta. Ni kuwa cikina ya fara tuna min duk abin da na ci tun filin jirgi. Na ce ta tsaya in ɗauki hoton wuri. Na ɗauki hoton wuri a bayan wani dutse, a durƙushe, na dawo ina kurkure baki.

A ƙololuwar hanyar, mashigar Tizin Tishka, akwai allo da aka rubuta mita 2,260. Lokacin sanyi ne, ga dusar ƙanƙara a kan duwatsu, ni kuma ina cikin farar shadda da takalmi buɗaɗɗe, saboda a sanina Afirka muke. Nan wani saurayi ya nufo ni da wani dunƙulen dutse, ya buɗe shi gida biyu, cikinsa ja wur yana ƙyalli. Jinin kasuwanci ya motsa. Na taya, ya ƙi, na juya, ya kira ni, na saye shi a rabin kuɗin da ya faɗa, na zura a aljihun gaba. Amarya ta ce ba ta taɓa ganin dutsen da ke warin fenti ba. Kafin la'asar ƙirjin shaddata ya rine, har wata Baturiya a wurin shan shayi ta tambaya ko an soke ni ne.

Daf da mashigar akwai wata hanya da ta ratse zuwa Telwet, tsohuwar hanyar ayarin fatake, inda fadar gidan Galawi take, dangin Tuhami al-Galawi wanda ya yi sarautar Marrakesh har rasuwarsa a 1956. A matsayina na mai taswira na ba da umarni a bi ta nan. Ba a jima ba sabis ɗin waya ya ɗauke, taswirar ta tsaya cak. Muka tarar da wani tsoho da tumakinsa. Na ce wa amarya ta bar min wannan, ai na yi Islamiyya. Na fita na yi sallama, na jero masa tambaya da Larabcin littafi, da wasali da tanwini, ban ci ko ɗaya ba. Tsohon, wanda harshensa na gida Barbarci ne, ya saurara da ladabi, ya ɗaga hannu biyu ya ce amin, ya shafa. Amarya ta leƙo ta yi wa jikansa magana da Faransanci, yaron ya nuna gaba da sanda. Ni dai na san addu'ar tsohon ce ta kai mu.

Muka gangara kwarin Unila, rana na shirin faɗuwa, sai ga Ait Bin Haddu a jikin tudu: garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1987, inda aka ɗauki wani sashe na fim ɗin Gladiator. Na buɗe hannu na ce, "Amarya, ga shi."

Ta daɗe tana kallo. Soraye na jar ƙasa, tubali da yaɓe, azara, lunguna, rumbun hatsi a can sama, jaki a ɗaure.

"Ango, jirgi muka hau muka zo ƙauye?"

Mai yi mana jagora ya tsaya yana bayanin yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa, da yadda ɗakin ƙasa ke riƙe sanyi da rana ya riƙe ɗumi da dare, da yadda ake sabunta yaɓe in ruwa ya ci. Turawa na rubutawa a littafi. Ni da mahaifina ya rushe zauren kakanmu ya gina na bulo, aka yi walima, na tsaya ina gyaɗa kai a kan kuɗina. Abin da ya fi ba ni haushi, yawancin 'yan garin sun ƙaura tsallaken kogi sun yi sababbin gidaje, sun bar mana tsofaffin mu yi ta kallo. A masauki kuma, ɗakin da ba talabijin, mai kyandir, shi ya fi tsada. Shi na kama, don amarci ba a yi masa rowa.

Da muka dawo gida na kai wa Kaka hotuna a waya. Ta ga amarya na tuƙi, ta ga jaki, ta ga katangar ƙasa, ta gan ni da jan tabo a ƙirji ina lulluɓe da mayafin matata. Ta yi salati, ta sallami yaran da ke ɗakin, ta kwance bakin zaninta ta ciro naira dubu biyu ta danƙa min.

"Riƙe wannan, ɗan nan," in ji ta. "Gobe in kuɗi suka yanke muku a hanya, ka yi waya. Kada ka ƙara kai 'yar mutane ta kwana a kango."