Asirin Baba a Hannun Jami'a

A Amurka, ɗalibin da ke neman tallafin karatu sai ya cike fom ɗin FAFSA, wasu jami'o'in masu tsada kuma su ƙara masa da CSS Profile. Tambayarsu ɗaya ce, wadda ko uwargida ba ta isa ta yi ba: nawa maigida ke samu?

Ba ma na bana suke so ba, na bara waccan. Mai shiga aji a 2025, harajin 2023 aka tono masa. FAFSA tana jawo nata daga hukumar haraji ta IRS in iyaye sun amince, su College Board masu CSS Profile kuwa kwafin takardun suke karɓa.

Sai ka ga Alhaji ɗan tasi a Bronx, wanda ko kuɗin takalmi aka tambaye shi amsarsa "gari ba kuɗi", durƙushe gaban akwati yana laluben fom 1040 na haraji, 'yarsa na tsaye da waya.

"Baba, ashe haka kake samu?"

"Ke, ɗauki hoton ki miƙo min takardata."

Kuɗin da yake aikawa Damagaram duk wata kuwa, FAFSA ba ta ma tanadar musu gurbi ba.