Masu Madubin Hangen Nesa a Motar Yankari

Wanda ke son sanin halin masu madubin hangen nesa, ya shiga motar zagayen gandun dajin Yankari da ke tashi daga sansanin Wikki da sassafe. Kujeru a matse suke, hanya duk gargada, giwa kuwa ba ta tsayawa jiran kowa ya gama gyare-gyarensa. Kafin a yi tafiyar rabin awa kowa ya nuna ko shi wane ne.

A kujerar gaba za a tarar da Alhaji Babba-ya-fi. Shi da ya shiga kanti magana ɗaya ya yi: "A ba ni wanda ya fi kowanne jawo abu." Aka miƙo masa 20x50 mai nauyin kusan kilo guda, ya biya bai ko taya ba. Ya san lambar farko ita ce ninkin da madubi ke yi wa abin kallo, amma ba wanda ya gaya masa cewa yadda yake ninka giwa sau 20, haka yake ninka rawar hannu sau 20, ga kuma filin gani ya tsuke. Da zarar an wuce ninki 10 ko 12, sai da sandar kafawa ko irin mai gyara rawar hannu da kansa, kamar na Canon. Saboda haka Alhaji ya ga ganye, ya ga sararin sama, ya ga hular direba, giwa ce dai bai gani ba. Hantsi na yi wuya ya gaji, an miƙa wa yaro ya riƙe. Ɗalibar da ke bayansa kuwa, da ɗan 8x25 ɗinta da bai wuce giram 300 ba, ta ƙirga garken har da 'ya'ya, ta mayar da shi jaka.

Kusa da Alhaji akwai Mai-araha. Nasa a bakin titi ya saye shi, gilashin ja wur, an rubuta 60x60 a jiki, an ƙara da alkawarin gani dare da rana. Lamba ta biyu faɗin gilashin gaba ce a milimita. In aka aza rula a kan nasa, ko rabin 60 bai kai ba. Idanun madubin biyu ba su daidaita ba, don haka shi kaɗai ya ga gwanki biyu inda kowa ya ga ɗaya, kuma shi kaɗai ya sauka yana cigiyar maganin ciwon kai. Araha ba ta ado.

Mai-tsada ba ya ɗaukar lokaci. Swarovski gare shi, ƙirar Ostiriya, an rufe shi ruf da iskar naitirojin a ciki yadda ruwa da ƙura ba sa shiga. Ba ya fito da shi daga jaka saboda ƙura.

Sai Malamin Lissafi, wanda ba a tambaye shi ba. Da ya ga ɗan ƙaramin madubi a hannun wani, zai gyara murya: a raba 25 da 8, a samu milimita 3 da 'yan kai, shi ne faɗin hasken da ke fitowa zuwa ido, na 8x42 ya haura 5. Da rana tsaka ƙwayar ido takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3, don haka ƙarami ya wadatar, sai da asuba da almuru babban ke nuna fifikonsa, shi ya sa 8x32 ke zama sulhu ga mai tafiya. Gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan. Daga nan sai ya gangara kan Ignazio Porro, mutumin Italiya da ya yi rajistar tsarin gilashinsa a 1854, da kamfanin Carl Zeiss na garin Jena da ya fara sayar da irin wannan madubi a 1894. Yana kaiwa Jena, ɓauna ta tsallaka hanya ta shige kurmi. Ana raɗe-raɗin cewa Malamin nan yakan yi rubutu a mujalla.

Duk waɗannan wasa ne idan aka zo kan Malam Ba-ni-in-gani. Shi bai taɓa sayen madubi ba, ba ya kuma da niyya, amma ba tafiyar da ake yi ba shi. Tun a wurin hawa mota ya gama nazarin wuyan kowa, ya zaɓi maƙwabci. Yana da haƙuri na ban mamaki. Ba ya roƙo lokacin da ake wuce gadu ko bika, waɗanda ake gani da ido ƙuru-ƙuru har a bakin ɗakunan kwana. Sai burtu ya fito fili yana taku ɗaiɗai, mai madubi ya saita, ya ɗauke numfashi, sannan a ji hannu a kafaɗa: "Yallaɓai, ɗan ba ni in gani, yanzu zan miƙo." Bai jira an cire igiya ba, ya ja madubi, wuyan mai shi ya biyo, kunci ya haɗu da kunci.

Daga nan sai aiki ya fara. Ya lanƙwasa tsakiyar madubin, ya buɗe, ya sake lanƙwasawa. Ya bar ƙugiyar saiti ta tsakiya, ya kama zoben da ke idon dama, wanda mai shi ya daidaita da bambancin idanunsa tun ranar saye, ya murɗa shi har ƙarshe. Tabarau ne a fuskarsa amma bai murɗa robar bakin madubin ƙasa ba, don haka 'yar ƙaramar da'ira kawai yake gani a tsakiyar duhu. "Ni fa ban ga komai ba," in ji shi, ya juya madubin ya duba gilashin gaba, ya dangwala masa babban yatsa mai maiƙon ƙosan kari. Ganin tabo, sai ya hura masa hucin baki, ya naɗe hannun riga, ya shiga dirza. Da hunturu ne, kuma ƙurar hunturu yashi ce mai laushi: kowace dirza na kankare siririn shafen da ke sa gilashi ya wuce da haske. Mai madubi na kallo, kunya ta hana shi magana, cikinsa na ƙugi.

Bai kuma miƙo ba. Abokinsa ya miƙa wa, aboki ya ba ɗansa, ɗan ya juya shi baibai yana dariyar yadda babansa ya koma ɗan mitsitsi. Da madubi ya dawo gida, burtu ya daɗe da tafiya. Sai tambaya ta biyo: "Nawa ka saya?" Aka faɗa. Ya riƙe baki, ya lissafa buhunan shinkafa, ya yanke hukunci: "Kuma ka ga bai ma da ƙarfi sosai." Baɗi za a gamu da shi a Dagona, cikin dausayin Haɗeja da Nguru, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka, yana nazarin wuyan mutane. Ba a iya yin fushi da shi da gaske, don shi ne ke raba dabino a mota.

Ɗan-waya ya manna kyamarar salula a bakin madubi, ya samo hoton wani abu baƙi da ya rantse zaki ne. Mai-neman-jinjirin-wata kuwa zumuɗi ke sa shi fara lalube a yamma tun rana ba ta faɗi ba. Shi a riƙe masa hannu da sauri, domin kallon rana ta cikin madubi na iya ƙona ido nan take, kuma ba lallai ya warke ba.

Akwai guda ɗaya da ba a yi masa dariya. Bayan an dawo daga daji, iyalai kan gangara maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garau mai ɗumin digiri 31 rani da damina. Shi sai ya nemi wuri daga sama, a inuwa, ya fito da ɗan ƙaramin madubin da ke ɓuya a tafin hannu, kuma ba tsuntsu yake kallo ba. Ƙanƙantar da sauran mutane ke nema don sauƙin tafiya, shi don ɓoyo ya neme ta. Matan mutane da 'ya'yansu mata ne a cikin ruwan nan. Saboda irinsa, mai kallon tsuntsu na gaskiya da ya ɗaga madubi zuwa reshen da ke saman ruwa sai ya sha harara daga magidanta, kuma ba su yi laifi ba. Wannan ba a ba shi aro, ba a zama kusa da shi a mota. Ranar da ya tambayi Malamin Lissafi wanne ya fi jawo abu kusa ba tare da an lura ba, Malamin ya ɗauki jakarsa ya canza benci.