Masu Dukan Taya da Sauran Jama'ar Baje Kolin Motoci

Duk wanda ya ƙudiri aniyar sayen sabuwar mota, ya fara leƙa rumfunan motoci a kasuwar baje koli ta Kaduna da ke kan hanyar Zariya, ko baje kolin motoci na Abuja. Ko bai samu mota ba, ba zai rasa kallo ba, domin jama'ar da ke kewaye da motocin sun fi motocin ban sha'awa.

Wanda za ka fara cin karo da shi shi ne mai dukan taya. Zai zagaya motar hannu a baya, ya kai wa tayar gaba ƙafa, ya gyaɗa kai. Abin da ya gano, Allah masani. Ya ƙwanƙwasa bodi da yatsa ya ce, "Kai, gwangwani ce." Da an faɗa masa kuɗin, sai ya duba agogo ya ce bari ya yi salla ya dawo. Har a tashi kasuwa ba a idar da sallar nan ba.

Sai dattijon Fijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, hula zanna ta sha kari. Shi bai zo saye ba, ya zo ta'aziyya. Zai tsare yaron rumfa ya ce, "Yaro, ka san 504?" Yaro ya ce, "A'a, Baba." To, ya jawo wa kansa. Zai ji yadda kamfanin Peugeot na Kakuri ya fara haɗa motoci a 1975, da yadda Baba ya karɓi rancen mota a ofis ya fito da tasa fil a leda, da yadda ta kai shi Maiduguri da iyali da buhun gero da rago a but ba ta yi ko tari ba. In ma ta tsaya, waya da filaya sun ishe ta. Nisan tafiyar kan ƙaru duk lokacin da aka maimaita labarin, amma kada a raina Baba. A zamaninsa matsakaicin ma'aikaci yana iya sayen sabuwar mota da albashinsa, yau kuwa wanda ke kan kujerarsa sai ya yi lissafi kafin ya sauya taya biyu.

'Yan hoto ba sa buƙatar dogon bayani. A jingina da Prado, a karkata hula, a ɗauka. Kafin magariba an ɗora a Facebook an rubuta alhamdulillah, 'yan uwa na ta Allah ya sanya alheri.

Akwai kuma wanda ya zo da bakanikensa, kuma shi na fi tausayawa, don da gaske yake son saye. Bakaniken zai buɗe bonet, ya tarar an rufe injin ruf da roba, babu kafireto, babu inda zai sa sifana. Nan take ya gane cewa motar nan na'ura ce ke gano ciwonta, wato abincinsa ne ke shirin barin garejinsa. Sai ya ja maigida gefe: "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan ko a Panteka ba ka samun kayanta, balle Ƙofar Ruwa. Mu lallaɓa tamu." Ciniki ya mutu.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, an samu sabon nau'i: mai tambayar "Yaya shan manta?" kafin ya yi sallama. A nuna masa mai amfani da iskar gas, ya ce ina gidan gas ɗin a garinsu. A nuna masa mai lantarki, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi da wayarsa ma sai ya kai caji shago.

Alhaji mai mata biyu kuwa, kowace mota ya gani farashi biyu yake ji. Hajiya na nuna masa ja, shi yana tunanin abin da zai tarar a ɗaya ɗakin.

A bakin ƙofa dillali na jiran kowa. "Yallaɓai, me za ka yi da ta leda? Akwai 'yar Kwatano, wata tsohuwa ce ta hau ta a Turai, coci kawai take zuwa da ita." Wannan tsohuwa ta yi motoci a duniya. La'adarsa dai ba ta ciwon kai.

Mai saye na gaskiya ba ya dukan taya, ba ya tambayar shan mai, ba ya ko neman ragi. Zai zo da 'yar jaka da direba, ya nuna Hilux ya ce guda nawa ke ƙasa, a rubuto masa takardar farashi da sunan ma'aikata. Shi kaɗai manajan rumfa ke tasowa ya tarba da lemo mai sanyi. In ka gan shi, mai karatu, ka matsa kusa ka ƙare wa motar kallo, domin da harajinka za a biya.