Nawa Ake Sayar da Musabaha?

Babu kasuwar da farashinta ya rikice kamar ta ganin taurari. Hajar ɗaya ce ko'ina: a miƙo maka hannu, a yi maka murmushin daƙiƙa biyar, in da rabo a tsaya a yi hoto. Amma wani da tafin ƙafarsa yake biya, wani da albashin wata, wani da kwana a bayan kanta, wani kuwa a banza yake tsinta a layin gidan mai. Tunda gwamnati ba ta kafa hukumar ƙayyade farashin ba, bari mu leƙa mu ga su wane ne masu saye.

Babban yayansu shi ne ɗan tattaki. Daga nesa ake gane shi: riga mai hoton gwaninsa gaba da baya, tuta a soke a jaka, takalmin da ya sha ɗinki, ga aboki a gefe yana ɗaukar bidiyo. Shi abokin kullum fes yake, ba ƙura ba gumi, kuma ba a so a cika tambayar yadda yake yi. Harkar ta bunƙasa ne a 2015, lokacin da Suleiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja, kusan kilomita 750 cikin kwana 18, don cika alkawarin da ya ɗauka in Buhari ya ci zaɓe. Gari-gari aka riƙa tarbarsa, ya samu ganin Janar ɗin, aka yi hoto. Shi ke nan, sai ƙasa ta miƙe da tafiya. Kowa ya duba wanda ya ci zaɓe kusa da shi ya ɗaura takalmi.

Ɗan tattaki ba ya taɓa cewa wani abu yake nema. "Wallahi ƙauna ce zalla, don Allah nake sonsa." To, madalla. Sai dai ka duba waɗanda ake takawa dominsu: gwamna, sanata, mawaƙin da ya yi suna wajen rabon motoci, ɗan ƙwallon da ke karɓar albashi da dala. Malamin firamaren da ya koya wa mutum baƙi da wasali, ko tsallaka titi ba a yi a gaishe shi. Wani lokacin kuma jarin yana dawowa, ko da a makare. Wani bawan Allah ɗan Dukku da ya taka zuwa Abuja a 2015 ya fito bayan shekara biyar yana kukan ciwon ƙafa, gwamnan Gombe ya ba shi mota da naira miliyan 2. Mota kuwa ta dace da shi, tunda ƙafar ta riga ta yi nata.

Ba kowa ke dacewa haka ba. A watan Agustan 2023 wani matashi ya hau keke daga Binuwai ya nufi Legas don ya ga Davido. Yana tsakiyar hanya mawaƙin ya rubuto a shafinsa cewa ya juya, ba ya gida. Daga baya ya sassauto, ya ce ya turo lambar asusunsa. Da irin namu ne, da tuni lambar ta isa kafin a rufe baki, har da ta ƙanin mahaifinsa don kar a samu matsalar natuwok. Shi kuwa ya ce sai ya gan shi ido da ido, ya ci gaba da murza feda. A nan ne muka sha bamban da sauran duniya: can masoyi ke zuwa da kuɗi ya biya, nan masoyi ke zuwa da takardar asibiti da lissafin kuɗin haya a aljihun gaba.

Mai bi masa shi ne sarkin zaman jira. Ba ya tafiya, dasa kansa yake yi. Hedikwatarsu tana Mumbai, kuma mu da fim ɗin Indiya ya raine mu ba mu da bakin yi musu dariya. Duk ranar 2 ga Nuwamba dubban mutane ke cika titin gidan Shah Rukh Khan, wato Mannat a unguwar Bandra, su yini a rana don ya hau saman shinge ya ɗaga hannu, ya ware hannuwansa biyu yadda yake yi a fim. Amitabh Bachchan ya fi tsari. Tun farkon shekarun 1980 yake fitowa ƙofar gidansa ranar Lahadi da yamma ya gaida jama'a, kuma ba takalmi yake fitowa ba, don girmama su. A 2024 wani mutumin jihar Jharkhand ya bar harkokinsa ya kwana 95 a ƙofar Mannat kafin ya samu ganinsa a yi hoto. Wata uku da 'yan kwanaki ke nan. Da masara ya shuka ranar da ya iso, da ana shirin gasawa.

Namu na gida a Titin Gidan Zoo yake, a Kano, kan bencin mai shayi, fuskarsa na kallon benen da ofisoshin 'yan fim suke. Ya san lambar motar kowane jarumi, ya san mai wanke ta, ya san ranar da aka sauya mata taya. Kullum amsa ɗaya yake samu: "Ai yanzun nan ya fita lokeshin." Da jakarsa ya zo daga garinsu da niyyar kwana biyu. Yanzu shi ke riƙe wa mai shayi teburi in ya tafi salla, kuma shi ke gaya wa sababbin zuwa cewa yanzun nan ya fita lokeshin.

Akwai mara haƙuri, mai tsallaka katanga. A watan Maris na 2023 wasu samari biyu daga Gujarat suka haura gidan Shah Rukh Khan, suka laɓe a ɗakin kwalliyarsa kusan awa takwas. Ganinsa dai sun gan shi, sannan suka ga 'yan sanda. A gasar Turai ta 2024, wasan Fotugal da Turkiyya a Dortmund, wani yaro ya kutsa fili ya yi hoto da Ronaldo, gwanin ya rungume shi yana dariya. Ganin haka sai ƙarti suka biyo sahu ɗaya bayan ɗaya, fuskar Ronaldo tana ƙara ɗaurewa, har wani mai tsaro garin bin ɗayansu ya zame ya kwashe ƙafar Gonçalo Ramos, wanda ba ruwansa. Abin da aka yafe wa yaro ba a yafe wa mai gemu.

Sai attajirin da ya raina layi. Daga shekarar 2000 zuwa 2022 hamshaƙin mai kuɗin nan Warren Buffett ya riƙa gwanjon cin abincin rana da shi, kuɗin kuma a ba wata gidauniyar taimakon marasa galihu a San Francisco. An fara da dala 25,000. An rufe da dala miliyan 19, don faranti ɗaya na nama da hira, da damar gayyato mutum bakwai su taya ka kallo. A 2019 Justin Sun, dillalin kuɗin intanet, ya biya dala miliyan 4.57 don ya zauna da tsohon da ya taɓa kiran Bitcoin maganin ɓera. Ranar ta matso ya ce tsakuwar ƙoda ta kama shi, sai a farkon 2020 aka zauna, kuma tsohon bai sauya ra'ayi ba. Wanda ya ci kasuwar shi ne Ted Weschler. Ya saya sau biyu, 2010 da 2011, kowanne sama da dala miliyan 2.6, daga ƙarshe Buffett ya ɗauke shi aiki. Shi ne ɗan tattakin da bai yi kanta a ƙafa ba.

In ka tambaye ni, kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, da rabin yini, sun isa kowane tauraro. Duk ganin da sai an sayar da akuyar Inna, ko an ce wa maiɗaki an tafi ta'aziyya, ya yi tsada.

Amma raina ya fi kwantawa da mai neman canjinsa, don shi kaɗai ya ɗauki abin ciniki tsakani da Allah. A watan Yulin 2019 mutum sama da 60,000 suka cika filin wasa a Seoul don ganin Ronaldo da Juventus, bayan an tallata cewa zai buga aƙalla minti 45. Aka fara wasa a makare da kusan awa ɗaya, gwanin ya zauna a benci har aka tashi. Jama'a suka rama da abin da suka san zai fi yi masa zafi, suka kama kiran sunan Messi. Biyu daga cikinsu suka garzaya kotu, kuma a 2020 alƙali ya umarci mai shirya wasan ya biya kowannensu won 371,000. Kuɗin tikiti a ciki kaɗan ne, won 300,000 diyyar ɓacin rai ce. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski. Shi ma Messin da suka kira ya yi irinta a Hong Kong ranar 4 ga Fabrairun 2024: ya zauna a benci saboda rauni, aka yi wa David Beckham, ɗaya daga masu ƙungiyarsa, ihu, bayan kwana uku sai ga shi yana wasa a Tokyo. Masu shiryawa suka mayar da rabin kuɗin tikiti.

Tsakanin duk waɗannan da gwaninsu akwai yaron oga. Waya biyu a hannu, tabarau ko da daddare, kuma maganarsa ɗaya: "Bari in ga abin da zan iya yi maka." Abin da zai iya yi ya danganta da abin da ka iya yi. Ɗan'uwansa na Facebook ya fi shi rashin imani, don shi da sunan jarumar da kanta yake buɗe shafi. Ƙarfe ɗayan dare sai ta rubuto maka cewa duk cikin masoyanta kai ne ka kwanta mata, amma katinta ya ƙare. Matar da ke da gida da mota da kantin atamfa, wai naira 500 ta gagare ta. Kuma ana turawa.

To a ce an dace, ga ka ga shi. Nan ake gane mai daskarewa. Sati guda yana haddace jawabi a gaban madubi, har da inda zai ja numfashi. Jarumi ya miƙo hannu ya ce, "Sannu malam, ya gida?" Sai gogan naka ya ce, "Amin, amin." Ya zaro waya hannu na rawa, ta ce wuri ya cika, sai an goge wani abu. Ya tsaya yana zaɓe tsakanin hoton sunan 'yarsa da bidiyon wa'azi, layi na ta tsaki a bayansa. Daga ƙarshe ya miƙa wa wani ya ɗauka. Hoton ya fito da babban yatsan mai ɗauka, da rabin kunnen jarumi, da shi kansa ido a rufe. Wannan hoton zai yi shekara uku yana yawo a majalisa, ana zuƙo kunnen ana rantsuwa nasa ne. Dama ba don jarumin aka je ba, don majalisar aka je. Ka hana mutum waya, ka sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, ka ga ko zai biya ko sisi.

Na bar mai cika baki a ƙarshe don shi ma a ƙarshe yake tasowa. Shi ne dattijon majalisa, mai carbi da rediyo. "Ni fa waɗannan yaran ba sa gabana. Me suka fi ni? Ko nan suka zo ba zan ɗaga kai ba." Ranar da aka zo ɗaukar fim a layinsu, ya fara da leƙe ta kan tabarau. Can ya ce bari ya je ya kori yara kar su dami baƙi. Ba a jima ba sai ga shi ya ture almajirai biyu, hula a karkace, takalmi ƙafa ɗaya, yana cewa, "Ranka ya daɗe, Hajiya ce ke son hoton, ni ba ruwana." Washegari hoton ne a kan WhatsApp ɗinsa, ya yanke kowa sai shi da jarumin. Da aka tambaye shi a majalisa, cewa ya yi jikokinsa ne suka saka, kuma bai san yadda ake cirewa ba.