Yadda Ake Ɗaura Auren Littafin Ciniki da Manhajar Talla

Rumbun bayanai, a wurin masana kwamfuta, shi ne duk ma'ajin da aka jera sunaye da lambobi a cikinsa bisa tsari, kuma da wannan ma'auni dillalin citta na Jere, cikin ƙaramar hukumar Kagarko, ya daɗe da mallakar rumbuna uku: littafin bashi wanda gumi ya cinye bangonsa, wayar da ke aljihunsa, da kan yaron shagonsa. Manhajar talla kuwa ita ce wadda ke aika saƙo ga abokan ciniki a lokacin da aka tsara mata, ko mai ita yana barci ko yana kasuwar Kachia. Haɗa su aure ne, aure kuwa da bincike ake fara shi.

Abin da binciken ke fara tonowa shi ne mutum ɗaya yana zaune a rumbu da suna huɗu, wato "Alhaji Kwoi", "Alhaji sabon layi", "Mai buhu goma" da "Kada a ɗauka", alhali manhaja ba ta da kunya, za ta gaishe shi sau huɗu, kuma ta ƙarshen za ta kira shi da laƙabin da aka ɓoye masa. Saboda haka wajibi ne a ware gurbin suna daban, na laƙabin sirri daban, a kuma mai da lambar waya shaidar kowane mutum. Ita ma lambar tana da nata halin, domin manhajar Excel kan haɗiye sifirin farko, sai 0803 ta wayi gari 803, shi ya sa ake rubuta dukan lambobi da +234 tun kafin a kai lefe.

Waliyyin wannan aure shi ne abin da ake kira API, wato ƙofar da manhajoji biyu ke miƙa wa juna bayani ba da sa hannun mutum ba, kuma mabuɗinta sirri ne da ba a rubuta shi a bangon shago kusa da lambar asusun banki. Wanda bai kai nan ba yana iya ɗora jerin sunayen a manhajar da hannu, cikin takardar CSV.

Akwai kuma sadakin da ba a faɗa wa ango: saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga sai ya koma 70, ta yadda doguwar gaisuwar Bahaushe, daga kwana zuwa gajiya zuwa iyali, kan ci kuɗin saƙo uku kafin a ambaci farashin buhu.

Amincewar mai lamba ita ce sharaɗin da ya fi kowanne nauyi, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba shi ikon ƙin talla, kuma yana iya toshe saƙonnin ta lambar 2442 ta hukumar sadarwa ta NCC. Haka nan rumbu yana bukatar sabuntawa duk kaka. A daminar 2023 cuta ta ruɓar da citta a gonakin Kachia da Jaba da Kagarko, kuma manomin da ya tono ruɓaɓɓiyar citta da hannunsa jaje ya kamata a kai masa, da baki, kafin manhaja ta tambaye shi buhu nawa zai kawo.