Mu da Kumatun 'Ya'yanmu 'Yan Makaranta

Mu dai wajen awo ba a bar mu a baya ba. Shinkafa sai tiya ta yi tozo sannan mu roƙi gyara, yadi sai an gwada a gabanmu, ragon layya kuwa sai mun shafa gadon bayansa mun ji maiƙo. Amma da an zo kan jikin 'ya'yanmu sai mu ce ai ido ba mudu ba ya san kima. To, idon namu kuwa son ƙiba gare shi.

Yaro ya dawo hutu daga makarantar kwana, bai ko ajiye akwati ba Inna ta riƙe haɓa: "Wayyo ni, dubi wuyanka! Ba sa ba ku abinci ne?" Daga nan ɗura ta fara, safe fanke da shayi mai kauri, rana shinkafa da mai da yaji, dare tuwo malmala biyu, Goggo ta aiko da dambun nama, Kaka ta dama fura ta zabga sukari. Ranar komawa idan kumatu sun fito sai a ce tubarkalla, hutu ya karɓe shi. Shi kuwa wanda ya taso da jiki tun farko, a tsakar gida muna cewa ya murje, a ƙofar gida kuma mu ne dai masu laƙaba masa ɗan lukuti, har yaro ya daina fita filin ƙwallo don kunya, abin ya ƙara yi masa yawa. Wannan kam ba mu kyauta ba.

Leƙa ɗakin kwanan 'yan mata a jami'a ka ga ikon Allah: wannan ta ɓoye sha-ka-fashe a ƙasan jaka don ta ciko kafin bikin ƙawa, ta gadon sama kuma tana fama da ruwan zafi da lemon tsami don ta zube, dare ya yi su haɗu gun mai shayi kowacce Indomie biyu da ƙwai da lemon kwalba. Samarin ma haka, tafiyar minti biyar sai an tare adaidaita sahu. Fom ɗin asibiti na rajista ya nemi nauyi da tsayi, mu rubuta da ka. In mun ga yaro mai yawo da sikeli mu hau da takalmi da babbar riga da jaka a kafaɗa, allura ta wuce inda muke so mu ce sikelinsa ne ya lalace.

Alhali lissafin ba wuya. Abin da likitoci ke kira BMI, wanda asalinsa daga wani masanin lissafi ɗan Beljiyam ne mai suna Quetelet tun ƙarni na 19, shi ne ka raba nauyinka na kilo da tsayinka na mita sau kansa. Mai kilo 80 da tsayin mita 1.6 zai samu 31 da 'yan kai. Ga baligi, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce da ta zama lalura. Yara masu shekara 5 zuwa 19 ba a yi musu wannan hukunci kai tsaye, akwai jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 da ke duba shekaru da jinsi. Hukumar ta ce a 2022 yara da matasa sama da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce kima a duniya, miliyan 160 daga ciki ƙibarsu ta kai ta lalura.

Sai dai sikeli bai san tsoka da kitse ba. Ɗalibi ɗan kokawa zai iya hawa a ce ya yi ƙiba, ga shi jikinsa a murɗe, siriri mai 'yar teɓa kuma ya wuce lami lafiya, alhali kitsen ciki yana ƙara haɗarin ciwon suga da hawan jini. Shi ya sa masu bincike ke matse fatar bayan dantse da ɗan awartakin awo su ga kaurin kitsen. A gida zare ma ya isa: a yanko daidai tsayin mutum, a ninke shi gida biyu, a zagaya ciki ta saitin cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, a fara rage zaƙi da maiƙo, a ƙara tafiyar ƙasa.

Kuma awon nan ba don masu jiki kaɗai ba ne, a aji ɗaya za ka tarar da wanda ya zo bai karya ba, babbar rigar makaranta ta rufe masa asiri. Malamai da iyaye, don Allah a riƙa auna yaran nan kowane zango, ɗaya bayan ɗaya a keɓe, ba a gaban 'yan aji ba, a rubuta wa iyaye a katin sakamako.